Tsumman da Baba yake shanyawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku, kuma har yau in iska ta juyo daga bayan duwatsun yamma sai na ajiye abin da nake yi na leƙa taga. Ni karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Amma abin da idona ya gani zan iya faɗa.

Baba direban babbar mota ne, tsakanin Yanbu da ke bakin teku da Madina ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Shi ya gaya mini cewa iskar teku takan taso da danshi, ta hau duwatsun hanya, ta baro danshin a can sama, sannan ta gangaro mana a bushe, tana saukowa tana ƙara zafi. Ko a tsakiyar sanyi ne, in ta sauko, kafin azahar gari ya canja hali. Yana da wani tsumma da yakan jiƙa da safe ya shanya a saman gidanmu a unguwar Harra ta Gabas, nan Madina. In ya gama shan shayi ya tarar ya bushe ƙayau, to ranar ba a lulluɓe yaro, kuma kowa sai ya sha ruwa ko ba ya jin ƙishi.

Da na haifi 'yar farina, wadda muke kira Ummi, yayar Baba, Gwaggo Hajara, ta zo daga Kano ta zauna mini jego. Lokacin sanyi ne. Safe da yamma ta tafasa ruwa ta yi mini wanka da ganye, jaririya kuwa bargo kan bargo, taga a rufe, na'urar ɗumama ɗaki a kunne. Wata rana da hantsi na ga yarinyar ta yi jawur, leɓenta ya bushe, ta ƙi kama nono. Na so in yi magana. To amma wace mai jego ce za ta yi wa gwaggonta musu? Sai ga sallamar Baba a bakin ƙofa, tsumma a hannu.

"Yaya, a warware yarinyar nan, a kashe wutar. Iskar dutse ta sauko."

"Kai Isiyaku, yaushe ka zama ungozoma? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Je ka ka ji da tayoyinka."

"Taya ma in ta sha zafi fashewa take yi. Taɓa nan ki ji."

Gwaggo ta taɓa tsumman, ta taɓa wuyan yarinya. Ta fara warware barguna tana mita wai wannan gari ko sanyinsa ba shi da alƙawari. Ba a jima ba Ummi ta kama nono. Matan unguwa suka laƙa wa Baba sunan Ungozoma, shi kuwa har ya koma ga Allah in an kira shi da shi amsawa yake da murmushi. Ni ban taɓa jin kunyar sunan ba. Uba nawa ne zai jure dariyar mata don jikarsa ta sha nono?

Yanzu mun koma unguwar Ƙuba, kowane ɗaki da na'urar sanyi, waya kuma tana faɗin zafin gari. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Mai son inji ne, na san zai yaba. Amma na san zai ƙara da cewa waya zafin gari ta sani, ba ta san zafin da ke cikin bargon yaronka ba.

Wata biyu da suka wuce na haifi namiji, mai sunan Baba, muna ce masa Halifa. Ni kuwa mai fargaba ce, ko atishawa ya yi sai gabana ya faɗi. Makon jiya an tashi da ɗari, na naɗe shi tam. Da hantsi ya fara ƙananan koke-koke, ina ta jijjiga shi ban san me ke damunsa ba. Sai ga Ummi ta sauko daga saman gida da gudu, riƙe da tsohon ɗankwalina.

"Mama, nashaf!"

Ya bushe, take nufi. Hausa tana ji, da Larabci take amsawa, abin da kan dame ni. Ban aike ta ba. Gani ta yi ina jiƙawa ina shanyawa, kamar yadda na ga ana yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Baba bai bar mana gadon gida ba, motar ma ta mai gidansa ce. Abin da ya bari shi ne wannan: yarinyar da ba ta tuna fuskarsa ba tana jiƙa tsumma da safe don ƙaninta. Na warware Halifa, na taɓa wuyansa, ya kama nono. Allah Ya jiƙan Ungozoma.