Inna Huguette da Hanyar Kekuna

A gefen layin dogo aka haifi Huguette Vialle, a ɗan gidan da aka ba mahaifinta, mai tsaron inda titi ya tsallake layin jirgi a ƙauyen Pontbrun, can cikin duwatsun Ardèche. Aikinsa bai wuce ya sauke sanda sau huɗu a rana ya ɗaga sau huɗu ba, amma ko cin abinci zai yi sai da hular aikinsa a ka. Tana 'yar shekara goma sha bakwai jirgin ya daina zuwa. Aka kwashe ƙarafa, aka bar shimfiɗar hanyar tana bin bakin kogi, ciyawa ta cinye ta. Uban bai daɗe ba ya rasu, ya bar mata gidan da hular da awaki tara.

Ta auri Léonce magini, mutum mai sanyin hali wanda ko musu ba ya iyawa, don haka ita ta riƙa yi musu su biyun. Awaki suka kai arba'in. Kullum da safe takan kora su kan tsohon layin su yi kiwo har bakin ramin da aka huda cikin dutse, su juyo. Da nononsu take yin cuku, ta kai kasuwa ranar Asabar, ta zagi duk wanda ya latsa bai saya ba. Shekara arba'in ana haka, har mutanen ƙauye suka manta layin ba nata ba ne. Ita kuwa dama ba ta taɓa tunanin na wani ne ba.

Sai ga Régis, ɗan yayanta, ya zama magajin gari. Wata rana ya shigo da takardu a hammata.

"Gwaggo, hanya za a yi a kan tsohon layi. Ta kekuna zalla, ba mota, ba babur. Tun daga saman kwari har inda koginmu ya faɗa babban kogi."

"Su wa za su hau?"

"Baƙi mana. 'Yan birni, har da na ƙasashen waje."

"Ina za su je?"

"Ba inda za su. Yawo ne kawai."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Régis, ni na riƙa wanke maka kashi kana jariri, kuma tun lokacin na ga alamar ba za ka yi hankali ba."

Ya haɗiye wannan, ya ce akwai saura: doka ta ce ban da dabbobi a kan hanyar.

"Ga su can a garke," in ji ta. "Je ka karanta musu."

Aka yi hanya, aka zuba tsakuwa mai laushi, aka kafa alluna. Baƙi suka fara zuwa, manyan mutane da furfura, sanye da wanduna ɗamammu waɗanda ba su ɓoye komai, da hulunan kwano kamar masu shirin yaƙi. Inna Huguette ta ci gaba da kora awakinta kamar ba a yi komai ba. Niyyarta baƙin su gaji da taka kashin awaki su daina zuwa. Amma sai suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto. Wata 'yar Holand ma ta tambaye ta da ladabi ko ƙarfe nawa ake fito da awakin kullum, don ta kawo ƙawayenta. Abin da ya fi ƙona mata rai, da bazara ta zagayo sai ga hotonta a kan allon bakin gada, ta ɗaga sanda, baki a buɗe, an rubuta a ƙasa cewa mutanen kwari suna yi wa baƙi maraba. Ita ta san abin da take faɗa a lokacin da aka ɗauki hoton, kuma babu maraba a ciki.

Ana nan gwiwoyin Léonce suka fara ciwo, ga teɓa. Likita ya hana shi maiƙo da giya, ya ce ya riƙa motsa jiki. 'Yarsu Solange, wadda ke aikin jinya a birni, ta aiko masa da keke mai batir. Mutumin da ya shekara goma bai wuce ƙofar coci ba, sai ga shi kullum bayan karin kumallo ya hau keke ya bi ta gaban awakin matarsa, ya shige ramin dutse, ba a ganinsa sai la'asar.

"Ina kake zuwa, tsoho?"

"Motsa jiki. Likita ne ya ce."

"Wata uku kana motsa jiki, maɓallin rigarka na neman tsinkewa."

"Tsoka ce, Huguette."

A wannan makon ta lura hular mahaifinta ba ta kan ƙusar da ta shekara hamsin a rataye. Ta ƙudura za ta bi sawun Léonce ta ga inda yake zuwa. A rumbu akwai tsohon keken da Solange ta yi makaranta da shi. Inna Huguette tana da shekara saba'in da ɗaya, ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba, kuma da ta roƙi wani ya koya mata gara ta mutu. Ta riƙa shiga bayan garke tana gwadawa ita kaɗai. Ta faɗa cikin ƙaya, ta faɗa cikin kwamin ruwan awaki, sau ɗaya ma ta kai wa bunsuru karo, ya rama. Bayan kwana goma sha biyu ta iya tafiya miƙe. Tsayawa ce ba ta gama koya ba.

Wata ranar Laraba ta rufe awaki, ta ɗaure siket, ta bi bayan Léonce. Hanyar gangara ce a hankali, kamar yadda masu jirgi suka tsara ta, don haka keken ya riƙa tafiya da kansa. Ta shiga ramin dutse, sanyi ya buge ta, ruwa na ɗiga mata a wuya, ta fito ɗaya gefen da rabonta da shi tun tana yarinya a cikin jirgi. Kogi na can ƙasa, kore shar, ga gonakin itatuwa hawa-hawa a jikin tsauni, ga wata doguwar gada da ta manta da ita. Iska ta cika mata riga. Ta ji wani abu na tasowa daga ƙirjinta, sai da ya fito ta gane dariya ce. Ta waiga da sauri ko wani ya ji.

Tsohuwar tashar jirgi ta ƙauyen gaba an mai da ita gidan abinci. Da shingen furanninsu ta tsayar da keken. Ga Léonce a ƙarƙashin inuwa, gabansa farantin tsiren alade da dankali yana ninƙaya cikin man shanu, ga kofin jar giya, ga hular mahaifinta a kansa. Baƙi wajen goma sun kewaye shi.

"Ni na tuƙa jirgin ƙarshe a kwarin nan," yake cewa. "Ranar ruwa ya kai wuyan gada. Fasinja suna kuka, fadan coci yana addu'a, na ce masa, Fada, riƙe addu'arka, miƙo mini gawayi."

Léonce bai taɓa tuƙa ko amalanke ba. Jirgin ma sau biyu ya shiga, kuma duka biyun ya yi amai.

Ya ɗago ya gan ta, ganyen shinge a gashinta. Tsiren ya tsaya masa a maƙogwaro. Ta ja kujera ta zauna, ta janyo farantin gabanta, ta ci loma biyu. Wani Bajamushe ya tambaye ta ko ta san direban.

"Na san shi mana, mijina ne," ta ce. "Amma kunya ke hana shi faɗin gaskiya. Ba wuyan gada ruwan ya kai ba, gadar ce ta tafi gaba ɗaya. A kan ruwa ya tsallake da mu. Ni ke zuba masa gawayi, ina da ciki wata takwas."

Baƙi suka tafa. Léonce ya kasa kallonta. Da suka watse ya ce, "Huguette, wallahi da ma yau nake shirin dainawa."

"Ba ni hular. Ba ni keken kuma."

Ta hau mai batir ta danna, ta bar masa na Solange da hawan kilomita goma sha biyu. Sai da rana ta yi ja ya iso gida yana tura shi, kuma wannan ne motsa jikin farko da ya yi tun da likita ya yi magana.

Daga nan keken ya zama nata. Solange ta sake aiko wa uban da wani, suka riƙa zuwa tashar tare duk Laraba, shi ya ba da labari, ita ta ƙara gishiri, har ta kai jirgin ƙarshe ya yi karo da kerkeci ya kuma ɗauko wani bishop, babban limamin coci. Duk da haka ba a taɓa taron ƙauye ba ta miƙe ta ce hanyar kekuna ɓarnar ƙasa ce ba. Régis yakan ce, "Gwaggo, a kanta fa kika zo." Ta ce, "Wannan ba ruwanka."

Léonce ya rasu bayan shekara shida, cikin barcin rana, cikinsa a cike. Ta sayar da awaki ta bar biyar. A bazarar da ta biyo baya ta ce za ta je ta ga inda hanyar ta ƙare, tunda shi kullum yana cewa za su je ba su je ba. Ta ɗaure burodi da cuku a bayan keke ta kama hanya ita kaɗai, ba ƙararrawa, sai dai ta daka wa na gabanta tsawa su dare. Kafin azahar ta isa inda ƙaramin koginsu ya shige cikin babban. Ta jingine keke, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Wani mai kamun kifi ya tambaye ta yaya ta ga wurin.

"Ruwa ne ya shiga ruwa," ta ce. "Ina ake sayar da kofi a nan?"

Ta sha kofinta, ta ce bai kai na gida ba, ta nemi wurin da za ta sa batir a caji, ta juya kan keken ta nufi Pontbrun don kada lokacin tatsa ya wuce.