Na Sa Hannun Ardo a Bayan Idonsa

Ba a haife ni ɓarawo ba, yara. Ɗan Mayahi ne ni, ɗan gidan mutunci. Na yi lakwal har koleji, jarabawa ta kayar da ni, na tafi Maraɗi na koyi odinata, wato kwamfuta, na dawo na buɗe ɗan shago bakin kasuwa ina buga wa mutane takardu. Ina samun na tuwo. Wallahi ba yunwa ce ta kai ni ba.

Babana mai masauki ne. Ranar kasuwa makiyayan Isawan gidanmu suke sauka, su ɗaure jakuna, su bar ajiyarsu. Babbansu shi ne Ardo Buba, dattijon da duk rugagen yankin ke jin maganarsa. Tun zamanin kakana gidansu ke sauka gidanmu, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

Shekarar nan damina ta yi gardama, soja na kan mulki, iyaka a rufe, buhun dusa ya fi ƙarfin talaka. Wata ƙungiyar agaji ta fara kawo wa makiyaya dusa da ƙwayar auduga. Don gudun takardun jabu, suka ce an daina dangwala yatsa. Kowane shugaba aka ba shi ɗan makulli kamar ɗan yatsa. A soka shi jikin odinata, wata manhaja da suka ƙara ta buɗe, a buga lambar sirri, shi ke nan sa hannunsa ya hau takarda, ba ya gogewa, kuma ko gaban alƙali ba a musunsa. Matar da ta koya musu ta ce ko ɗan cikinka kada ka ba.

Ardo ya yi dariya. Da yamma ya miƙa wa babana makullin cikin ƙyalle, ya faɗi lambar da ƙarfi kamar yana gaisuwa. Ya ce, "Ni da ke bin shanu daji, ina zan kai abin ga? Ga ɗanmu nan, shi ya san kan na'ura."

Babana ya damƙa mini makullin. Da farko gaskiya nake yi. Ya zo, in karanta masa takarda, ya gyaɗa kai, in sa hannu. Wata rana mota ta iso da kaya Ardo bai shigo gari ba, direba na ta masifa. Na sa hannun, kaya suka isa ruga lafiya. Ba wanda ya tambaya. Ranar na gane ashe ba a buƙatar Ardo, kuma da ban gane ba da ya fi mini.

Direban nan, Sale, shi ya dawo yana murmushi. Ya ce, "Abokina, mota guda kawai. Ka sa hannu an karɓa, in karkata da ita kasuwar Tasawa. Wa zai sani?" Na ce a'uzubillahi. Sai dai bakina ne kawai ya faɗa. Kafin ya gama shan shayinsa na soka makullin.

Mota guda ta zama biyu, daga nan na daina tunani. Na sayi babur, na sauya waya, 'yan unguwa na kirana patoro, wato maigida. Ardo kuwa duk ranar kasuwa sai ya leƙo shagona, ya rame, leɓe a bushe. "Ɗana, ba labarin dusa? Shanu sun fara kwantawa." In kalli odinata in ce, "Baba Ardo, shiru har yanzu." Ya ce Allah shi kawo, ya sa mini albarka ya tafi. Kai! Albarkar nan har yau tana ƙona ni.

Da gawar shanu ta cika hanyar Isawan, makiyaya suka kai kuka. Hukuma ta turo masu bincike. Aka buɗe takardu, kowace na ɗauke da sunan Ardo Buba, wai ya karɓa. Jandarma suka je har ruga, suka sa shi a mota gaban matansa da jikokinsa. Sale ya tsere. Ni kuma na yi gum, ina cewa gobe zan yi magana, goben ba ta zuwa.

Babana ne ya shigo shago ya tsaya kaina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ina ajiyar Ardo?" Na ɗauko makullin na miƙa masa. Ya dubi babur a ƙofa, ya dube ni. Ya ce, "Tashi mu tafi." Da ƙafarsa ya kai ni jandarma.

A can na ji abin da ya karya ni. An yi ta tambayar Ardo wa ke riƙe da makullin, ya ƙi faɗa. Abin da yake maimaitawa kawai shi ne, ba a kai ɗan mai masauki ƙara. Gaban alƙali na faɗi komai, ina kuka kamar yaro. Alƙali ya ɗaure ni. Ardo ya sha faɗa saboda sakin makullinsa da ya yi, aka sallame shi bayan ya daɗe a tsare. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, amma mu biyu muka jiƙe.

Gidan kaso ba zan ba ku labarinsa ba, zafi ne da ƙwarƙwata da tunani. Ina ciki babana ya rasu. Ba makiyayin da ya ƙara sauka gidanmu.

Da na fito na tuba, na nufi Isawan. Na iske Ardo zaune shi kaɗai bayan bukka, an naɗa wani a madadinsa, garkensa ya ƙare. Na durƙusa. Ya ce, "Na yafe maka tun kana ciki. Abu guda nika roƙo. Je ka gaya wa mutanena ban ci dusarsu ba. Ni sun daina jin maganata."

Na bi ruga ruga ina faɗa. A bakin rijiya wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Na'ura ta ce shi ne, kai ka ce kai ne. To kai ba ɓarawo ba ne? Maganar ɓarawo za mu ɗauka?" Suka ci gaba da jan guga.

Yara, ku ji ni. Sa hannun mutum, ko na biro ne ko na na'ura, mutuncinsa ne. In aka ba ku riƙo, ku ce a'a, mai shi ya zo ya buga lambarsa da kansa. In naku ne, kada ku ba kowa, ko don kunya. Kuma kada ku yarda da "sau ɗaya kawai". Ni na ɗauka in asiri ya tonu gaskiyata za ta wanke Ardo, ban san na riga na sayar da ita ba.

Da na koma Ardo ya ɗago kai ya ce, "Sun yarda?" Na girgiza kai. Ya dube ni ya ce in sha ruwa kafin in kama hanya, rana ta yi.