Ranar da Goggo Ta Jinjina Tafireta

A shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, soja na mulki, Sakkwato ta cika da sababbin abubuwa. Mu a unguwar Gidan Dare da wuya mako ya wuce ba a kira mu kallo ba. Wannan gida an sayo rediyo mai kaset, wancan an kafa fanka, can kuma mai gida ya jingine keke ya hau babur. Da layi ya zo kanmu, namu sabon abin tafireta ce.

Ɗiyata ta fari aka saya wa. Ta gama makarantar 'yan mata, ta yi watanni tana koyon bugu a wurin wani mutumin kudu a Sabon Gari, sai aka yi shela a rediyo cewa ma'aikatun gwamnati na neman masu buga tafireta, har da mata. Jarrabawa ranar Asabar da safe, kuma kowa ya zo da tasa. Mahaifinta hatsi yake saye da sayarwa, shekarar kuwa ta yi masa kyau, don shi ke kai gero da shinkafa makarantun kwana. Ya ce ɗiyarsa ba ta zuwa gaban mutane da kayan aro. Ranar Alhamis da yamma sai ga shi da wani baƙin akwati a bayan babur, yana ta murmushi. Washegari da sassafe ya wuce ƙauye awon hatsi, ya ce sai Lahadi.

Bari in faɗi wani abu saboda 'yan yanzu. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye yarinyar, yayar mai gidana ta ɗauke ta, gidanta kuwa katanga ɗaya da namu. Kowa Goggo yake ce mata, ni kaɗai ke ce mata Yaya. Ita ke da bakin fahariya da yarinyar, ita ke da bakin faɗa. Ni sai dai in ce “waccan”, ko “ɗiyar Goggo”. Ita ma yarinyar ba ta taɓa ce mini Inna ba, Adda take cewa, yadda ƙannena ke kirana.

To ranar Juma'a, maza na fita masallaci, Goggo ta aika gida gida. Kafin ka ce me, tsakar gidanmu ta cika da mata. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, aka buɗe akwatin. Ni ina bakin madafa, wai ina tsince shinkafa, amma wallahi ƙwaya ɗaya ban gani ba. Idona na can. Abu ne ruwan toka, yana sheƙi, yana ƙamshin sabon ƙarfe da mai, haruffa farare tas a kan baƙaƙen maɓallai. Na yi yaƙi da jahilci bayan na haifi 'ya'ya huɗu, saboda haka daga nesa ina gane su, ga A can, ga K can. Sai ka ce ni za a kai jarrabawar.

Yarinyar ta zura takarda, ta gyara zama, ta saki yatsu. Ƙwas ƙwas ƙwas ƙwas, sai wata 'yar ƙararrawa ta ce ting! Mata suka sa salati, wata ta ja ɗanta baya.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, “Wanga abu da kainai shika rubutu?”

“A'a, Inna, sai an buga.”

“To mi na amhwaninai? Ni na aza hwaɗi za a yi mai, shi rubuta.”

Matar mahaucin unguwa ta ce, “Ke ɗiyar nan, buga ma mai gidana takarda ki ce gwamna na kiranai. So nikai in ga gudunai da wanga tumbi.”

Aka bushe da dariya. Goggo kuwa sai zagaye take yi, tana gyara kallabi, tana cewa, “Ku kalla da ido, ban da hannu. Ɗiyata ta, ohis za ta.”

Mu mata ba mu yarda da kaya sai mun jinjina. Kwalla ce, tasa ce, tukunyar ƙarfe ce, ko turmin atamfa, sai an ɗaga an ji nauyi kafin a ce abu na kirki ne. Goggo da ta hana kowa taɓawa, ita ce ta kasa haƙuri.

“Ku dakata in ji nauyinta, kar a ce sun cuci ƙanena.”

A gaban haruffan, daga ƙasa, akwai wata doguwar sanda baƙa, kwance daga wannan gefe zuwa wancan. Goggo ta ɗauka mariƙi ne. Ai kowane abu mai nauyi da mariƙinsa. Ta cusa yatsu huɗu a ƙarƙashi, ta yi bisimilla, ta ɗaga.

Ƙas!

Ta dire ta a hankali ta ce, “Da nauyi kam. Ba ta banza ba ta.”

Mata suka leƙa. Sandar ta tashi ta gefen hagu, ta karkace kamar haƙorin da ke shirin fita. Yarinyar ta danna ta da babban yatsa, ta sake dannawa, sai lilo take yi, takarda ba ta motsa ba.

“Goggo, kin ɓalle ta.”

“Mi na ɓalle? Ga haruhwanki nan duka, ko ɗaya bai hwaɗi ba.”

“Ita ka raba kalma da kalma. In babu ita, duk rubutun haɗewa shikai.”

Ni na gane tun kafin ta rufe baki. Malamarmu ta yaƙi da jahilci sai ta sa mu aza yatsa bayan kowace kalma kafin mu rubuta ta gaba, in ba haka ba ta ce mun dama mata kunu a allo. Ashe wannan sandar ita ce yatsan.

Mata suka fara tuna sun bar tukunya a wuta. Ɗaya bayan ɗaya suka zare, ana “Allah shi kyauta”. Goggo ta zube a tabarma ta dafe kai.

“Na kashe ki, ɗiyata. Ni da hannuna.”

Ta ce a mayar kanti. Yarinyar ta ce mai kantin ya gaya wa babanta cewa mai gyaransu daga Kaduna yake zuwa, sai ƙarshen wata. Ta ce a je wurin malaminta a yi aro. Yarinyar ta ce duk nasa an riga an rarraba wa 'yan ajinsu. Daga nan sai hawaye. Goggo ta miƙe ta ɗaura gyale a ƙugu.

“Tashi mu kai ma maƙeri. Shi da ka gyaran galma, wanga ɗan abu za shi gagare shi?”

Da na ji an ambaci maƙeri, sai na hango guduma a kan haruffan nan. Amma ta ina zan shiga? In na ce a ba ni in duba, gobe unguwa ta ɗauka cewa wance ta zubar da kunya a kan ɗiyar fari. Na aje faifai, na ɗauki tsintsiya, na zo na tsaya ina kallon ƙasa.

“Yaya, a kawar min da wanga tarkace, shara za ni yi. A sa shi ɗakina kahin rana ta sauka.”

Goggo ta dube ni. Mace ce mai saurin baki, amma ba ta da wauta. Ta ce wa yarinyar, “Kin ji. Ɗauka ki kai.”

Ni sana'ata kitso ce tun ina budurwa. A kitso kuwa, in ka gama gefe ɗaya na kai, ba ka tambayar kowa yadda za ka yi ɗayan, wanda ka gama kake kallo. Sai na sa aka kwantar da tafiretar a kan matashi, cikinta na kallon ƙofa inda haske yake. Na leƙa. Ƙarafa birjik kamar haƙarƙarin kifi. Na ce wa raina, ba ruwanki da sauran, sandar nan kaɗai za ki bi. Na bi ta da ido ta gefen dama, mai lafiya. Wani siririn hannu na ƙarfe ya fito daga jikinta ya shiga wata 'yar tsaga, kusa da shi kuma ga wata 'yar waya nannaɗe, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ta maƙale sama da ƙasa. Na koma hagu. Hannun ya fita daga tsagarsa, wayar kuwa babu ita.

“Yaya, akwai abin da ya hwaɗi. Ɗan mitsitsi, kamar wanga.”

Goggo ta leƙa, ta fita da gudu tana korar kaji. “Kar! Kar! In kunka haɗiye shi, yau duk sai na yanka ku!”

Tsakar gidanmu yashi ne. Na share duk inda tabarma ta zauna da kewayensa, a hankali, na tara a ƙwarya. Muka zauna mu uku, kowa da faifai, muna bakace yashi kamar masu gyaran tsaba. Muka samu ɗan kunne guda, da ƙashin kifi, da maɓallin riga. A faifai na huɗu Goggo ta yi ihu.

“Ga shi! Ga ɗan banza! Ni na ɓadda shi, ni na gane shi!”

Muka koma ɗaki. Hannun ƙarfen bai ba ni wuya ba, ya ɗan lanƙwashe ne kawai, na danna shi da bayan cokali har ya yi daidai da ɗan'uwansa, ya faɗa tsagarsa. Wayar ce aiki. Yatsa ba ya shiga wurin. Na ɗauko tsinken kitsona da baƙin zaren da nake ɗaure bakin kitso da shi. Na zura zaren a kunnen wayar, na maƙala ɗaya kunnen a ƙasa da bakin tsinke, sannan na fara ja sama.

Sai an riƙe mini tafiretar kada ta motsa, yarinyar ce kuwa ta san inda ake riƙewa. Gwiwarta na gugar tawa, numfashinta a kunnena, amma ba na iya yi mata magana.

“Yaya, a ce mata ta karkato shi.”

“An ce ki karkato shi.”

“Na ji, Goggo.”

“Yaya, ya yi yawa.”

“An ce ya yi yawa. Ke ba ki da ido?”

Ja na farko, zaren ya suɓuce. Na biyu, wayar ta yi tsalle ta ɓace, muka daskare, sai ga ta a cikin lanƙwasar zanena. Goggo ta fara karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Na goge gumin hannuna, na ninka zaren biyu, na ja a hankali yadda nake jan gashin jaririya, ina tura ta da tsinke. Na ji ta ce ƙyat. Na zare zaren.

Aka tayar da tafiretar zaune. Sandar ta kwanta daidai. Yarinyar ta sa babban yatsa ta danna, takarda ta matsa. Ta sake, ta sake matsawa. Ta buga layi guda cur har ƙararrawa ta yi ƙara, ga kalmomi kowace a wurinta. Goggo ta rungume ta, tana dariya tana share ido.

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, “Adda, sannu.”

Na ce, “Yaya, a ɗauke min shi, la'asar ta yi.”

Ranar Asabar Goggo ta naɗa gammo ta ɗora akwatin a ka, ta raka ta har bakin titi, tana gaya wa duk wanda suka gamu da shi cewa kada ya kuskura ya taɓa. Ni na tsaya gida na zuba gero a turmi. Ina daka ina tunanin wayar nan. Ban sani ba ko ta zauna ke nan, ko jijjigar mota za ta fitar da ita, ko sai an ce a fara ta yi tsalle a gaban manya. Na surfa, na wanke, na baza, na sake zubawa, rana ta take tsaka, shiru.

Ana kiran azahar na ji muryar Goggo tun daga zaure, ashe ta koma bakin titi ta taro ta, tana tambaya ba ta jiran amsa. Suka shigo. Yarinyar ta tsaya a tsakar gida, ta juya mini baya, ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

“Goggo, sandar ba ta sake ɓallewa ba har anka ƙare. Nan take anka duba takardu. An ce in koma Litinin in amshi takardar kama aiki.”

Goggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Ni ban ɗaga kai ba, na ci gaba da dakana. Sai dai ban san lokacin da taɓaryar ta bar hannuna ta yi sama ba, na tafa sau biyu na cafe, na buga, na sake cillawa. Rabona da lugude tun ina gidanmu.

Goggo ta katse guɗarta ta juyo.

“Ke kuma lahiya? Wa aka ma lugude da tsakar rana?”

Na ce, “Geron ga na da tauri, Yaya.”