Allurar da Taki Ya Ruɗa

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana renon dashen lemo a bayan gidansa, cikin baƙaƙen ledoji jere-jere. Bai taɓa tambayar kowa lokacin ban ruwa ba. Da ya tsoma yatsa a ƙasa, ya gama sani. Sai ciwon suga ya kashe masa jin yatsu, har kofin shayi mai zafi sai an tuna masa ya ajiye. A rani ɗaya ya kashe dashe arba'in da yawan ruwa.

Babbar 'yarsa ta ce ya isa haka, ya rufe lambu ya koma gidanta, ta gyara masa ɗaki a bene na uku. Kawu ya roƙi rani ɗaya tak: in sabon dashensa sittin suka rayu a ƙyale shi, in ba haka ba zai haɗa jakarsa da kansa.

Ni gyaran waya nake yi, kuma raina bai so ganin Kawu a sama yana leƙen motoci ba. Na kawo masa ma'aunin danshi: siraran ƙarfe biyu, ɗan batir, da allura mai nuni a kai, irin ta agogo.

"Wannan ne zai gaji yatsana?" in ji shi.

"Soka shi dai, Kawu. Wuta ce 'yar kaɗan ke tsallakawa daga wannan ƙarfe zuwa wancan. In ƙasa na da ruwa sai ta wuce salin-alin, allura ta yi dama. In ta bushe hanya ta toshe, allura ta kwanta hagu."

"Ashe har ƙasa an ja wa wuta," ya ce, yana juya abin.

Kafin mako ya zagayo ya raɗa masa suna Likita. Kullum da safe sai su bi ledoji ɗaya bayan ɗaya, yana soka shi, yana goge shi da gefen riga, yana masa hira kamar abokin zaman benci.

Wata rana ya kira ni, na je lambun. Ya zuba taki, kwana uku allura na cewa akwai ruwa, amma ganye sai naɗewa yake. Ni kuwa da taurin kaina na ce na'ura ba ta ƙarya, kada ya sake jiƙa su. Kawu ya tsugunna gaban wata leda. Ya tsinci 'yar ƙasa ya ɗora a leɓensa na ƙasa, ya ɗan jira.

"Ta bushe ƙamas, 'yar nan. Kuma da gishiri-gishiri."

Kunya ta rufe ni. Gishirin taki yana sauƙaƙa wa wuta hanya ko da ruwan kaɗan ne, na san haka sarai na manta. Ni na ja masa tiyo ranar.

Ƙarshen rani 'yarsa ta zo ta ƙirga ledojin sau biyu.

"Hamsin da huɗu, Baba. Sittin muka ce."

"Haka muka ce," in ji Kawu, ya sunkuyar da kai.

Ta daɗe tsaye tana kallon sabon tofo. Can ta sunkuya ta ɗauki leda biyu ta rungume.

"Waɗannan na barandata ne. Ban iya ba su ruwa ba, sai na riƙa zuwa nan kana koya mini."