Goron Direban Jirgi

Bayan na ajiye kakin soja, na yi shekara ashirin da wani abu ina bin manyan motoci da buhunan dawa daga Zuru zuwa Kontagora. Boko kuwa aji uku na yi, malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Amma akwai karatu guda da hanya ta koya mini: wanda aka ba kujerar gaba ba ya barci. Aikinsa ne ya riƙe direba da hira, in ya ga idonsa ya fara nauyi ya miƙa masa goro. Na baya su yi ta minsharinsu, ransu na wuyanka.

Ɗiyata ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Da ta haihu sai ta kira ni, ta ce in zo in ga jikana.

"Baba, ka taki sa'a. Kamfanonin jirgi biyu ne ke faɗa a kan hanyar nan. Wani sabo ya shigo ya karya farashi, tsohon ya ji haushi ya karya nasa, har kujerun manya sun sauko inda hannuna zai kai."

Na ce, "Wato 'yan kamasho har a sama? Wannan ya ja jakarka, wancan ya ja rigarka?"

"Kamar haka. Na saya maka ta gaba."

Ta gaba. Washegari na shiga kasuwa na zaɓo goro fari, manya, na naɗe a ganye.

Daga Abuja muka tashi da hantsi. Wata yarinya mai aikin jirgin ta duba takardata, ta ji bakina, sai ta juya Hausa, irin ta mutanen Jos. Ta kai ni wani ɗan ɗaki, don ba zan kira shi kujera ba. Ga talabijin, ga bargo, ga wurin miƙe ƙafa da zai ɗauki buhu biyu. Ta ba ni tawul mai zafi. Na leƙa maƙwabcina, wani mai kwat, na ga fuska yake gogewa, na goge tawa har da ƙeya.

Tashin kuwa, ban da bakin faɗarsa. Abu ya fi gidanmu girma, cike da mutane, ya yi gudu ya ɗaga hanci, ƙasa ta sake mu. Duwatsun da nake ganin girmansu suka koma kamar kunyar doya. Muka huda gajimare muka fito samansa. Ni da na yi shekara saba'in ina ɗaga kai ina roƙon hadari ya zo gonata, yau ga shi ƙarƙashin takalmina, fari fat, shimfiɗe kamar audugar da aka baza a rana.

Aka ci abinci kashi-kashi, ana ɗauke wannan faranti ana kawo wani. Daga nan na ga abin da ya tayar mini da hankali. Maƙwabcina ya danna wani maɓalli, kujerarsa ta miƙe ta zama gado, ya ja bargo. Na gaba da shi ma haka. Kafin ka ce me, duk mutanen gaba sun kwanta, da rana tsaka. Ƙofar direba kuma a rufe gam. Na waiga ta labule, ga mutane ɗaruruwa a baya, har da masu goyo. Na ce a raina, to, saura ni kaɗai.

Na zauna ƙyam kamar mai gadin bariki. Na yi tari da ƙarfi ko direba zai ji akwai mai rai a kusa. Na ɗan rera waƙar fareti. Yarinyar ta zo ta durƙusa.

"Baba, in shimfiɗa maka gadon?"

"Ɗiyata, in na kwanta wa zai yi wa direba hira? Kin ga waɗannan, ko kunya babu. Ungo, kai masa goro, ki ce daga na kujerar gaba."

Ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Baba, ai su biyu ne a ciki, suna hira da juna, ga na ƙasa suna yi musu magana ta rediyo."

"Su biyun nan, kin leƙa su?"

Ta tafi. Ina nan ina kallon hamada ta taga, rairayi ja iyakar gani, ba itace ba hanya, sai inuwar gajimare na tafiya a kai kamar garken shanu, sai ga ta da wani Bature mai furfura da ratsi huɗu a kafaɗa. Tsohon soja ya san ratsi. Na miƙe zan sara, bel ɗin kujera ya mayar da ni.

"Baba, ga babban direban, ya fito shan iska ya ce sai ya gaishe ka."

Na ce, "To wa ke riƙe da sitiyari?"

Ta fassara. Ya yi dariya, ya ce abokinsa na ciki, idonsa biyu. Sannan ya tambaya ko ni ne mai goron. Na ɓare masa, ya gatsa. Fuskarsa ta tattare wuri guda, ya haɗiye da ƙyar kamar jarumi, ya faɗi wata magana.

"Ya ce wannan zai hana shi barci har baɗi. Ya ce ya karɓi gadi daga hannunka, ka huta."

Umarni ne daga mai ratsi huɗu. Ya sa sauran a aljihu don abokinsa, ya koma, aka rufe ƙofa.

Na danna maɓallin da kaina. Kujera ta kwantar da ni a hankali, yadda ko uwata ba ta taɓa yi ba. Ta taga hamada ta ƙare, wani ruwa shuɗi ya fara, ba gaɓa ba iyaka, da wani jirgin ruwa a tsakiya kamar ƙwayar shinkafa. Na ce bari in ƙirga ko nawa ne irinsa. Na kai biyu.