Ɗaki Mai Taya da Ruwan Kaka Falmata

Wata Laraba ce a watan Mayu, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Bayan la'asar ina tsakar gida ina carafke, ƙanena Sani yana ɓata mini duwatsu, sai muka ji yaran layinmu na Bulumkutu a Maiduguri sun kaure da ihu. Muka fita a guje. Kawu Modu ne, ƙanin mahaifiyarmu, cikin tsohuwar a-kori-kurarsa, yana tafe a hankali kamar mai rakiyar amarya, ga ɗaki yana binsa a baya. Ɗaki sosai, fari, da ƙofa da tagogi har da labule, zaune a kan taya biyu. Na tsaya baki sake da dutsen carafke a hannu. A sanina ɗaki inda aka gina shi nan yake tsufa, yau ga wani ya biyo mutum gida.

Kawu direba ne a wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse, kuma a ɗakin nan injiniyoyinsu suke kwana idan aiki ya kai su daji. Da kamfanin ya tattara ya tafi sai ya bar masa shi. Manya suna ce masa tafi-da-gidanka. Aka ajiye shi ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidanmu, aka bar mu muka shiga bayan mun cire takalma. Akwai gado, akwai tebur da ake naɗewa jikin bango, akwai 'yar madubi. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne famfo. A gidanmu mai kura ke kawo ruwa, ni da Sani mu yi ta jido muna cika randuna har wuyanmu ya ƙage. A nan kuwa wani ɗan ƙarfe ne a ƙasa, ka taka shi da ƙafa, ruwa ya zubo cikin 'yar tasa. Kawu ya ce tanki ne a kwance ƙarƙashin daɓen. Ni dai na ɗauka rijiya ce take yawo da su.

Ba don ado Kawu ya jawo ɗakin ba. Kakarmu Falmata, wadda ta haifi Mama da Kawu, tana zaune tare da mu, kuma tana da ƙanwa, Ya Gana, a ƙauyensu can bayan Monguno, kusa da Tafkin Chadi. Sun yi shekaru ba su ga juna ba. Ciwon baya ya hana Kaka zaman mota, ita ma Ya Gana idonta ya yi rauni. Da wannan gadon Kaka za ta iya tafiya a kwance. Sai dai dole a je a dawo kafin ruwan sama ya sauka, domin ƙasar can baƙin laka ce, da ta jiƙe mota ba ta shiga sai lokacin kaka. Rijiyar ƙauyen kuma ruwan kanwa gare ta, cikin Kaka ba ya ɗaukarsa, saboda haka da ruwan tankin nan za ta rayu har a dawo.

Washegari Kawu ya cika tankin da ruwa mai kyau, ya taka famfo, ya kawo mata a kofin silba yana murmushi. Ta shinshina, ta kurɓa, ta furzar a gindin bango. "Modu, wannan ruwan ya mutu," in ji ta. Ta ce ruwan da warinsa da ɗanɗanonsa suka juya ko alwala ba ta yi da shi, balle ta kai shi cikinta. Na karɓi kofin na ɗanɗana. Kamar an jiƙa tsohon silifa da ruɓaɓɓen ƙwai aka bar su a rana. Baba ya ce a ɗauki jarkoki kawai, Kawu ya ce bayan motar buhunan tsaraba da man tafiya sun cinye shi. Kaka ta juya fuska bango ta ce a bari sai baɗi, in da rai. Duk mun san yadda baɗi take wa mai shekarunta.

Daga nan gidanmu ya koma wurin jinyar tanki. Mama ta matse lemon tsami cike da kwano aka zuba. Maƙwabciyarmu ta kawo alif. Wani tsoho mai faci ya ce a ɗaure gawayi a ƙyalle a jefa. Kowanne sai ya ɗan yi kamar ya yi, da rana ta buga sai warin ya dawo da ƙarfinsa. Kullum da yamma kuma hadari na haɗuwa ta gabas yana watsewa, Mama ta ɗaga kai ta duba.

Rannan Kawu ya ɗaga katifa ya gano wani murfi zagayayye a daɓen. Ya kwance shi, hannunsa ya ƙi shiga. Na Mama ma ya tsaya a gwiwar hannu. Sai suka dube ni. Na kwanta rub da ciki, na zura hannu har kafaɗa cikin duhu, na shafo bangon tankin, na ji yauƙi kamar miyar kuɓewa. Da na fito da yatsuna kore ne shar. Aka ba ni soso da sabulu, na yi ta dirza inda ido ba ya gani, Sani yana miƙo ruwa, Kawu yana kwance ƙarƙashi yana sakin dauɗar. Da ya ciro tiyon da ke kai ruwa famfo ya tsaga shi, cikinsa baƙi ƙirin. Baba ya taho da sabon tiyo daga Kasuwar Litinin, da 'yar kwalbar bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Kawu ya ɗiga kaɗan, ya cika tankin, ya ja ɗakin ya zaga unguwa don ruwan ya girgiza, yara suna binsa da waƙa. Ruwan ya kwana a haka, aka zubar, aka yi ta ɗauraya har lungunmu ya zama taɓo, agwagin maƙwabta suka samu sallah.

Wari ya tafi, amma ruwan ya koma ɗanɗanon asibiti. Sai Kaka ta ce a kama ta a fito da ita. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Ta sa aka bar tankin a buɗe ya bushe, ta aiki Mama ta kawo kasko da garwashi da kajiji, irin wanda take turara randarta da shi. Kawu ya ce wuta za ta narka robar. Ta ce, "Wa ya ce maka wuta? Hayaƙi za ka yi wa hanya." Ya kifa gwangwani mai huda a kan kaskon, ya haɗa shi da dogon bututu zuwa bakin tankin. Muka zuba ido. Can sai Sani ya ƙwala ihu daga ciki. Na leƙa, ga farin hayaƙi siriri yana fitowa daga bakin famfo, yana murɗawa sama, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin ɗakin Kaka. Da aka sake cikawa ta sha, ta riƙe ruwan a baki jim kaɗan, ta haɗiye. "Ngla," ta ce da Barbarci, wato ya yi. Ta miƙa hannu a zuba mata ta yi alwala.

Da ni aka tafi, ina zaune gefen gadon ina riƙe mata kofi. Ban taɓa sanin ƙasa tana da faɗi haka ba, babu dutse babu tudu, sama ta sauko ta ko'ina. Da muka isa aka jawo Ya Gana har ƙofar ɗakin. Ta shafa fuskar yayarta da hannu biyu, daga goshi har haɓa. Matan ƙauyen kuwa layi suka yi, kowace ta taka ƙarfen, ta ja da baya tana salati. A hanyarmu ta dawowa, muna hango fitilun Maiduguri, yayyafin farko ya fara buga rufin. Wannan ce ganawarsu ta ƙarshe, Kaka ba ta kai wata bazarar ba.

Yau tanki ne a saman gidana, famfo har kicin, idan ruwa ya canza ɗanɗano waya nake yi a zo a wanke ina wurin aiki. 'Ya'yana ba su san sunan maƙwabcin da ke bayan katangarmu ba. Ƙauyen can kuma ya watse a shekarun tashin hankali, jikokin Ya Gana suna nan unguwar Dala a Maiduguri, hanyar da muka bi ciyawa ta cinye ta. Wani lokaci nakan tsaya ina tuna yadda layi guda ya bar harkarsa don tsohuwa ɗaya ta samu abin kurɓa. Ruwa ya yawaita, mutanen ne suka yi nisa.