Bigilar Baba Tanko

Duk wanda ya san Baba Tanko, ƙanen mahaifina, ya san bai taɓa karɓar aikin da ya wuce yini ɗaya ba. Tun da ya bar soja ya dawo Rikoto da bigilarsa, ƙahon busa na sojoji, cikin jakar buhu, har Allah ya ɗauke shi, ni dai ban san me zan kira sana'arsa ba. Yau yana busa a biki, gobe yana bisa rufin wani yana buga kwano, jibi ka tarar da shi Kanya yana sussukar dawa.

An taɓa samo masa gadi a wata makaranta. Kafin rana ta take sai ga shi ya dawo.

"Baba, lafiya?"

"Wai in riƙa zuwa kullum, har da gobe. Wa ya ba su goben?"

Jikansa mai karatu a Abuja ya ce masa, "Kaka, wannan busa da aikin yini ɗaya da kake yi, gig ake ce masa. Turawa ma suna yi."

"Allah sarki, ashe su ma abin ya kai musu. Ka gaishe su."

Amma abin da ya ɗaure mini kai, ranar aurena ne. Dangin mijina mutanen Dirin Daji ne, masu ji da kansu, dama suna ta tsegumin wai gidanmu babu babba. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah kada ka ba ni kunya gabansu." Ya ce an gama.

Busa uku kaɗai ya iya: ta tashi daga barci, ta cin abinci, da ta binne soja. Muna fitowa daga coci, mutumin nan ya ƙame, ya saki ta binnewa. Tsofaffin sojoji suka miƙe suka cire huluna. Masu guɗa suka haɗiye guɗarsu. Surukata ta kama rigar fasto tana tambaya, "Wa ya rasu?" Fasto ma waige-waige yake yi. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na daɗe ban gaishe shi ba. Da na gaji, na same shi yana ɗaurin tsintsiya, na ce, "Baba, me na yi maka?"

Bai ɗago kai ba. "Ubanki ya tafi yaƙi, ko takalminsa ba a dawo mana da shi ba. Ba wanda ya busa masa. Ranar nan kaɗai na ga abokansa duka wuri ɗaya. Kuma ai ya kamata a sanar da shi 'yarsa ta yi aure."

Har yau in na tuna, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai in yi duka biyun. Ina kewarsa ƙwarai. Ubangiji, ka yi masa jinƙai, ka ba shi hutawa, ka zaunar da shi kusa da yayansa, mahaifina.